Ma'aikatan Agajin Gaggawa a Karkarar Jihar Legas

Agajin gaggawa shi ne kulawar da ake ba wanda hatsari ko ciwo ya rutsa da shi, tun daga inda ya faɗi har a danƙa shi ga asibiti. A Jihar Legas hukumar LASAMBUS, wadda aka kafa a 2001, ita ke kula da motocin ɗaukar marasa lafiya, ana kuma kiranta kyauta ta lambar 767 ko 112. Sai dai ba duka Legas ce birni ba. Akwai ƙauyukan Epe, Badagry, Ikorodu da Ibeju-Lekki, ga kuma garuruwan bakin ruwa a Ojo da Amuwo-Odofin, waɗanda sai da kwale-kwale ake shigarsu.

Matakan horo

A ƙananan asibitocin karkara, malamin lafiya na al'umma aka fi tararwa. Mai ƙaramin matsayi a cikinsu shekara 2 yake yi a kwalejin kiwon lafiya, mai babban matsayi kuma shekara 3. Horon nasu ya fi karkata ga rigakafi, awon ciki da cututtukan yau da kullum. Sama da su akwai nas, wanda zai iya ƙaro karatu kan jinyar hatsari da gaggawa a Asibitin Ƙashi na Igbobi. Ƙwararren ma'aikacin cikin motar ɗaukar marasa lafiya kuwa, wanda ake ce wa faramedik, sabon aiki ne a Najeriya, masu yinsa ba su da yawa.

Bambancin ba ƙarami ba ne. Mai naƙudar da jini ya ɓalle mata tana bukatar wanda zai laluba jijiya ya ɗaura ƙarin ruwa mota na tafiya, ya sa mata oksijin, ya kira asibiti a tanadi jini. Idan direba kaɗai ke cikin motar, ba ta da maraba da tasi.

Ƙarancin ma'aikata

Likitoci da nas-nas na ficewa zuwa Ingila da Saudiyya, waɗanda suka rage kuma sun fi son cikin gari. Wanda aka tura ƙauye yakan yi fama da rashin masauki da yawan kwanan aiki, ƙwarewarsa ma takan dushe in ba a sabunta masa horo ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi karɓar mai bukatar gaggawa, ta kuma ware kashi 5 cikin 100 na asusun lafiya na matakin farko domin irin wannan jinya, amma ba a horar da mutum dare ɗaya.

Hausawan da ke acaba, noma da leburanci a waɗannan yankuna suna da ƙarin cikas, wato harshe. Wanda ba ya jin Yarbanci ko Turancin buroka da wuya ya iya kwatanta wa mai amsa waya inda yake. Shi ya sa sau da yawa 'yan'uwa ke sa majinyaci a keke Napep ko a bayan babur, a riƙe shi a tsakiya, abin da ke da haɗari ƙwarai ga wanda ya samu rauni a wuya ko gadon baya.