Disartasiyon ta adabi a lise

Disartasiyon ta adabi rubutu ne da ɗan lise, wato ɗalibin babbar sakandare, yake yi don ya warware wata magana da aka faɗa a kan adabi, ko a kan aikin marubuci, ya kawo hujjoji a jere kuma kowace hujja ya tsayar da ita da misali daga littafin da ya karanta. A Nijar da Faransanci ake yin ta, ana fara koyon ta tun daga sagon, ajin farko na lise, a ci gaba a faramiyar, aji na biyu, a taminal kuma, ajin ƙarshe, ta zama abin da ake jira ranar bak, jarrabawar gama lise. A jarrabawar Faransanci galibi suje uku, wato batutuwan rubutu uku, ake ba ɗalibi ya zaɓi ɗaya, ko taƙaita rubutu da tattaunawa, ko sharhin wani yanki na littafi, ko disartasiyon, kuma makin a kan 20 ne. Yara da yawa suna gudun ta wai tana da wuya, alhali wanda ya karanta littattafansa da gaske ita ce ta fi ba shi fili.

Sassanta uku ne, gabatarwa da gundarin bayani da kammalawa. A gabatarwa ana shigo da sujen a hankali, a maimaita shi, a fitar da tambayar da ke ɓoye cikinsa wadda malamai ke ce ma furobilematik, sannan a faɗi hanyar da za a bi. Kammalawa gajeriya ce, amsa ce ga waccan tambayar. Aikin duka yana tsakiya.

Abin da ya kamata malami ya fara koya ma yara, tun kafin maganar filan, wato tsarin da rubutun zai bi, shi ne karanta sujen kansa. Kalmar umarni da ke ƙarshe ita ce ke faɗin irin rubutun da ake so. In an ce a bayyana, to aikin ɗalibi ya nuna me maganar take nufi da kuma inda gaskiyarta ta fito a littattafai, ba a nemi ya yi jayayya ba. In an ce a tattauna, nan ne ake bin filan ɗin nan da kowa ya haddace, tez da antitez da santez, wato goyon baya da suka da daidaitawa. Matsalar ita ce yara sun riƙe wannan filan ɗaya tamkar babu wani, sai ka ga an ce su bayyana amma sun ɓata rabin takarda suna musun abin da ba a ce su musa ba, mai gyara kuma ya rubuta musu fita daga suje da jan bik, makin ya faɗi ƙasa warwas ko da Faransancinsu mai kyau ne.

Kuskure na biyu, kuma a ganina shi ya fi yawa a ajujuwan Damagaram, shi ne ba da labari a maimakon bayani. A ce an ba su suje cewa marubuci mai ajiye tarihin mutanensa ne, ku bayyana. Yaro zai tuna Sarraounia na Abdoulaye Mamani da ya fito a 1980, sai ya kama tun daga farko, yadda sarauniyar Azna ta tsaya a Lugu a 1899 ta fuskanci rundunar hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine, ya cika shafi biyu, labarin daidai ne amma bai ce komai a kan sujen ba. Abin da ake so jimla ɗaya ce ta hujja, misali cewa marubuci yana ɗauko abin da ke bakin tsofaffi ya sa shi a takarda don kar ya ɓace, sai layi uku ko huɗu daga littafin da ke nuna hakan, sai a dawo a ɗaure misalin da sujen. Ƴan Zinder ma suna da misali a ƙofar gida, wasan kwaikwayon Tanimoune na André Salifou, ɗan garin nan wanda jami'a ke ɗauke da sunansa, a kan Sarki Tanimun da ya gina ganuwar Birni. Ɗan Lise Amadu Kuran Daga da ke wucewa ta gefen ragowar ganuwar nan kullum, abin takaici ne ya rasa abin faɗi in an tambaye shi alaƙar adabi da tarihi.

Ƙarancin littafi shi ke haddasa rabin wannan. Aji mai cike da yara, littafin ƴan kaɗan, sai a koma ga fotokopi da taƙaitawar da ake turawa ta WhatsApp, kowa ya zo da misali iri ɗaya da jimla iri ɗaya. Malaman da suka damu suna sa kowane ɗalibi ya buɗe kaye na musamman, duk littafin da ya shiga hannunsa ya rubuta sunan marubuci da shekara da manyan jigogi da wurare biyu ko uku da suka taɓa shi, da kalmominsa shi kansa. Ana kuma raba aji rukuni-rukuni a ba kowane rukuni littafi ɗaya su zo su gabatar, haka littafi ɗaya yake zagaya mutum goma.

Akwai wata dabara da ni dai ina goyon bayanta ƙwarai, a bar yara su fara tattauna sujen da Hausa na ƴan mintoci kafin a ɗauki bik. Yaron da ya yi shiru da Faransanci sau da yawa yana da hujja mai ƙarfi a ransa, a fada, wurin hirar samari, da dare kana jin yadda yake kare ra'ayinsa, in ya faɗe ta da Hausa ta fito fili sai a taimaka masa ya zuba ta a Faransanci. Tun da dokar sake gina ƙasa ta 2025 ta mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci ya zama harshen aiki, wannan dabara ba abin ɓoyewa ba ce kuma.

Sai horo da agogo. Ana koya musu kar su rubuta komai a takardar jarrabawa sai sun gama filan a buruyon, wato takardar gwaji, gabatarwa da kammalawa a rubuta su cikakku tun a can, tsakiyar kuma kanun hujjoji da misalai kawai, don wanda ya ce zai kwafe duka sau biyu lokaci zai ƙare masa. In an mayar da takardun dibuwar, wato aikin da aka ba su aka gyara, malami ya ɗauki sakin layi ɗaya daga takardar wani ba tare da faɗin suna ba, a rubuta a tabulo, aji duka su nemo ina hujjar take, ina misalin, ina aka ɗaure su da sujen, sannan kowa ya sake rubuta nasa a kawo mako mai zuwa.