Yaro ya gagara a makaranta, uba kuma ba ya nan: tambayoyi da amsoshi

Kullum sai an kira ni makaranta a kansa. Lalacewa ya yi ke nan?

Kada ki yi saurin yanke wannan hukunci. Ki dubi abin da kan faru a aji: malami ya ce za a yi karatu ɗaya bayan ɗaya. Saura mutum biyu a zo kansa, sai ya fizge biron na kusa da shi, faɗa ya kaure, a kore shi waje. Malami rashin kunya ya gani. Shi kuwa yaron ya tsira daga abin da ya fi tsoro, wato ya tsaya yana inda-inda a kan kalma ɗaya 'yan aji suna dariya. A wurinsa gara a kira shi fitinanne da a kira shi daƙiƙi. Don haka idan kin je makaranta, ki tambayi malamin: a wane darasi rigimar ke tashi, da wane lokaci, me ya faru kafin ta tashi? Amsar waɗannan ta fi jerin laifuffukansa amfani.

Yaushe ya kamata a kai shi wurin likita?

A fara da gwajin ido da kunne, domin yaron da ba ya ganin allo sosai ba zai zauna shiru ba. Sai barci: likitocin barci na Amurka sun ba da shawara a 2016 cewa ɗan shekara 6 zuwa 12 ya samu awa 9 zuwa 12. Babba idan bai yi barci ba kasala yake yi, yaro kuwa sau da yawa ƙiriniya yake ƙarawa. Akwai kuma larurar rashin natsuwa da ake kira ADHD, wadda ke shafar kusan yara 5 cikin 100. Ba a tabbatar da ita sai alamunta sun kai wata 6, sun soma kafin shekara 12, kuma ana ganinsu a wuri fiye da ɗaya, kamar gida da makaranta. Likita ne ke tantancewa, ba malami ba, ba maƙwabciya ba.

Na yi duka har na gaji. Me ya rage?

Na san ba mugunta ce ke sa uwa ɗaga hannu ba, gajiya ce da tsoron kada ɗa ya lalace a ce laifinta ne. Amma a 2016 masu bincike Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor sun tattara binciken shekara 50 kan yara sama da 160,000, suka ga dukan yara na tafiya tare da ƙarin taurin kai da faɗace-faɗace. Ki rage dokokin gida zuwa biyu ko uku waɗanda ba kya ɗagawa ko kin gaji. Hukunci ya zama gajere, a aiwatar a ranar. Kuma ki riƙa kama shi yana abin kirki: "Na ga ka ajiye jakarka ban yi magana ba." Yaron da bai saba jin sunansa ba sai in ya yi laifi, wannan 'yar magana tana shiga jikinsa.

Idan ya tambaye ni babansa fa?

Nan ne wurin da ya fi ciwo. Ki faɗi gaskiya daidai shekarunsa, ba ƙarya, ba zagi. "Babanka ba ya tare da mu, tsakanin manya ne, ba laifinka ba ne." Ki maimaita ƙarshen nan sau da yawa, domin yara kan ɗora wa kansu laifin rabuwar iyaye a ɓoye. Abin da nake roƙon ki guje masa shi ne cewa "halin ubanka ka ɗauko" lokacin fushi. Ya san rabinsa daga mutumin nan ya fito. Idan kin la'anci uban a gabansa, rabin nan nasa kika la'anta.

Mafi wuya shi ne uban da ke alkawari ba ya cikawa. Yaro ya yi wanka, ya sa kaya tun safe, yana leƙen ƙofa duk motar da ta wuce, har dare. Washegari ya je makaranta ya mari wani. Kada ki sanar da shi ziyara sai ta tabbata. Idan kuma uban na son zumunci kuma babu cutarwa, kada a toshe: Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, sashe na 9, ta ba yaro damar hulɗa da iyayensa biyu muddin hakan bai saɓa wa maslaharsa ba.

Zai iya tashi da kyau ba uba a kusa?

Ƙwarai kuwa. Wata mai bincike, Emmy Werner, ta bi rayuwar jarirai 698 da aka haifa a tsibirin Kauai na jihar Hawai ta Amurka a 1955 har girmansu. Cikin waɗanda suka taso a mawuyacin hali, kusan ɗaya cikin uku sun zama manya masu natsuwa da abin yi, kuma abin da ya yawaita a tarihinsu shi ne babba guda da ya tsaya musu, ko kaka, ko 'yar uwa, ko malami. Ki nemo masa irin wannan mutum, kawu ko malamin da ya yarda da shi, wanda zai riƙa zuwa ranar da ya ce zai zo. Ke ma ki samu wanda zai karɓe ki na 'yan awoyi a mako ki huta.