Hatimin Azurfa a Butocin Gahawa na Ingila

Butar gahawa ta azurfa kayan teburi ce da ta yaɗu a gidajen masu hali na Ingila bayan buɗe shagon gahawa na farko a Landan a 1652. Mafi tsufa da aka sani ta 1681 ce, tana gidan tarihi na Victoria da Albert. Butocin farko dogaye ne, gindi faɗi, sama tsuke, mariƙinsu na katako don kada zafi ya ƙona hannu.

Ana gane asalin buta ta ƙananan hatimai da aka buga a jere, ko a ƙarƙashin gindi ko kusa da baki wajen mariƙi. Kan damisa ya fi kowanne daɗewa: dokar Sarki Edward na Ɗaya ta 1300 ce ta kawo shi, daga baya ya zama alamar Landan, yana sanye da kambi har 1821. Zaki mai tafiya, wanda aka fara bugawa a 1544, shaida ne cewa kashi 92.5 cikin ɗari na ƙarfen azurfa ce. Harafin shekara ya fara a 1478, kuma ba harafin kaɗai ake dubawa ba, har da salon rubutunsa da siffar garkuwar da ta kewaye shi, domin haruffan suna zagayowa. Birmingham da Sheffield sun sami ofisoshin gwajin ingancin azurfa a 1773, ta farko da alamar angar jirgin ruwa, ta biyu da kambi. Kan sarki ko sarauniya yana nuna an biya haraji, daga 1784 zuwa 1890.

Hatimin maƙeri, wanda aka wajabta a 1363, shi ne mai wuyar sha'ani. Daga 1697 zuwa 1720, lokacin da aka ɗaga ma'auni zuwa kashi 95.8, doka ta ce a buga haruffa biyu na farkon sunan dangi. Shi ya sa Paul de Lamerie, wani maƙerin azurfa na Landan, ya fara da LA, sai daga baya ya koma PL. Hester Bateman, mai maƙerar azurfa a Landan, ta yi rajistar HB a 1761, amma hakan ba ya nufin hannunta ne ya ƙera kowace buta. Hatimin na mai maƙerar ne da ya kai kaya gwaji, ko da yaransa ne suka yi aikin, ko ma sarowa ya yi. Ga wani cikas kuma: littafin rajistar masu ƙera manyan kaya na 1758 zuwa 1773 ya ɓace, don haka sunayen maƙeran wannan zamani da yawa kintace ne na masana.

Akwai kuma algus. Tsakanin 1720 da 1758 ana biyan harajin sisi kan kowace ozar azurfa, sai wasu maƙera, don kauce masa, su kai ƙaramin abu a buga masa hatimi, su yanko wurin su liƙa a gindin babbar buta. Masu saye kan hura numfashi a wurin, tururin ya fito da layin liƙin. Suna kuma duba marfi, domin ya kamata ya ɗauki zaki ko hatimin maƙeri irin na jikin butar. Wadda aka rubuta wa EPNS kuwa ruwan azurfa kawai aka yi mata.