Ƙarfin wat na resista a kurosobar sifika

Ƙarfin wat na resista, wato ɗan ƙaramin kayan lantarki da ke rage gudun wuta, shi ne iyakar zafin da za ta iya ɗauka tana fitarwa a kai a kai ba tare da ta ƙone ba. Kurosoba kuwa ƙaramin allo ne a cikin akwatin sifika da ke raba sauti, mai kauri ya tafi wufa, wato babbar sifika, siririn ya tafi tuwita, wato ƙaramar sifika. Kwandansa (abin da ke ajiye cajin wuta) da kwayil (naɗaɗɗiyar waya) ne ke rabon, resista kuma tana rage ƙarfi ta hanyar mayar da wutar zafi. A shagunan kayan lantarki na Garwa, Marwa, Kuseri da Injamena an fi saninta da rezistans. Lambobi biyu ke jikinta: om, ma'aunin yadda take tare wuta, wanda ke yanke yadda sauti zai fita, da wat, wanda ke yanke ko za ta jure aikin. Idan an rubuta 10W 3R9 J, ana nufin wat 10, om 3.9, da kuskuren da bai wuce kashi 5 cikin 100 ba.

Lissafi

Tushen lissafin shi ne dokar Georg Ohm ta 1827 da ta James Joule kan zafin da wuta ke haifarwa a waya: a ninka ampiya, wato ma'aunin yawan wutar da ke gudana, da kanta, sannan a ninka da om, abin da ya fito shi ne wat.

Inda aka fi buƙatar resista shi ne gaban tuwita, domin tuwita, musamman mai bakin ƙaho, ta fi wufa ƙara nesa ba kusa ba. Akan sa ɗaya a kan hanyar wutar, ɗaya kuma a gicciye tsakanin ƙafafun tuwitar biyu. Don rage desibel 6 (desibel ma'aunin ƙarar sauti ne) daga tuwita mai om 8, ta kan hanya za ta zama om 4, ta gicciye om 8. Idan wat 20 ya iso wurin, ta kan hanya ita kaɗai za ta shanye 10, ta gicciye 5, tuwita ta samu 5. Kashi uku cikin huɗu ke nan ya zama zafi a cikin rufaffen akwati.

Amfilifaya mai wat 100 ba ta aika duka ɗarin zuwa tuwita. Mafi yawan ƙarfin kiɗa yana ɓangaren mai kauri, kuma kiɗa hawa da sauka yake yi. Shi ya sa resista mai wat 10 ke wadatar da sifikar ɗaki. Akwatin biki ko na filin wa'azi lamarinsa dabam ne: ana ƙure shi awa da awanni, amfilifaya ta kai maƙura har sauti ya fara karcewa, makirfo kuma ya yi ta kuwwa idan ya kusanci sifika. Karcewar da kuwwar duk suna tura wuta mai yawa ɓangaren tuwita. A irin wannan aiki, ninka abin da lissafi ya bayar sau biyu shi ne mafi ƙarancin abin da ya dace, wato wat 20 a kan hanya da wat 10 a gicciye a misalin da ya gabata.

Zafin gari

Masana'anta na auna wat ɗin ne a wani ƙayyadadden yanayin zafi, cikin iska mai zagayawa, kuma wat ɗin da resista ke iya ɗauka na raguwa idan wurin ya fi haka zafi. A arewacin Kamaru da Chadi, zafin watan Maris da Afrilu kan wuce digiri 40 a inuwa, balle cikin baƙin akwati da ya wuni a rana. Resistar da ta isa a kan takarda tana iya gazawa a Kuseri, alhali bambancin kuɗi tsakanin wat 10 da 20 bai kai kusa da kuɗin sabuwar tuwita ba.

Iri da ɗaurawa

Farar resista mai kusurwa huɗu, wadda aka naɗe waya a cikinta aka rufe da siminti, ita ta fi samuwa, a wat 5, 10 da 20. Mai rigar alminiyam takan kai wat 25 ko 50, amma sai an ɗaure ta a jikin ƙarfe mai shan zafi take kai wannan adadi. Ƙananan resistocin rediyo masu rubu'in wat ba su da gurbi a nan. Idan babba ba ta samu ba, biyu masu om 8 da wat 10 da aka haɗa kafaɗa da kafaɗa, wato aka haɗe ƙafafunsu a kowane gefe, suna ba da om 4 mai wat 20.

A ɗaga ta kaɗan daga allo don iska ta ratsa ƙarƙashinta, a nisanta ta da kwandansa da soso ko audugar da ke cikin akwatin. Gam ɗin kyandir narkewa yake yi, bai dace da riƙe ta ba.

Alamun gazawa

Resistar da ta wahala takan tsage, ta ƙona allon da ke ƙarƙashinta ko ta sassauta dalma. Idan ta kan hanya ta yanke, tuwita shiru za ta yi. Yankewar ta gicciye ta fi haɗari, domin sauti ba ya ɗaukewa: a misalin nan wat ɗin da ke shiga tuwita yakan kusan ninkuwa, kuma sau da yawa ba a lura sai tuwitar ta ƙone.