Ba dawaki ƙwaya da maguɗi a gasar tsere

Maguɗi a tseren dawaki shi ne duk wata dabara ta ɓoye da ake yi don a juya sakamakon tsere, galibi saboda kuɗin caca da ke kansa. Wani lokaci so ake doki ya ci, wani lokaci kuma so ake ya faɗi. Na biyun ya fi sauƙi: mahayi ya ɗan riƙe linzami a daidai inda ya kamata ya saki, ko a ba dokin da kowa ya zuba wa kuɗi maganin kashe jiki, shi ke nan masu cacar da suka san sirrin sun kwashe.

Ƙwayoyin sun kasu: akwai masu ƙara kuzari, da masu gina tsoka, da masu kashe zafin ciwo. Na ƙarshen nan su ne abin tausayi. Dokin da ƙashin ƙafarsa ya tsage zai ɗingisa, a gane, a hutar da shi. In aka yi masa allura ba ya jin komai, sai ya zuba gudu iya ƙarfinsa har ƙafar ta karye a tsakiyar fili, ya kife da mahayinsa. Irin wannan karaya kuwa sau da yawa ba ta ɗoruwa, kashe shi ake yi.

Ingila ta haramta ba dawaki ƙwaya a 1903. A yau akan ɗebi jini da fitsarin doki bayan tsere, akan kuma kai samame barga ba sanarwa. A 2013 hukumar tseren Birtaniya ta dakatar da mai horarwa Mahmood Al Zarooni shekara 8 saboda maganin gina tsoka. A Amurka, wani doki mai suna Medina Spirit ya zo na ɗaya a gasar tseren Kentucky Derby ta 2021, gwaji ya nuna betamethasone, wani maganin kumburi da ciwo, a jikinsa, aka ƙwace nasarar aka ba Mandaloun, dokin da ya zo na biyu. A Amurkan ne kuma kotu ta ɗaure mai horarwa Jorge Navarro shekara 5 saboda ba dawaki ƙwaya.

Akwai kuma sauya doki. A 1984, a filin Eagle Farm da ke Ostareliya, aka shigar da Bold Personality da sunan Fine Cotton, dokin da bai kai shi gudu ba. An rina gashinsa, an shafa masa farin fenti a ƙafafu don ya yi kama da Fine Cotton. Ya ci tseren da ƙyar, amma kuɗin da aka zuba masa kwatsam sun jawo zargi, 'yan kallo suka yi ta ihu, alƙalai suka soke nasarar tun ba a biya ko mutum ɗaya ba.