Giya da dukan mata a gidajen Hausawan Saudiyya: tambayoyi da amsoshi

Magana ce da ba a son tayarwa a majalisa, balle a ƙasar da ko sunan giya ba a so a ji a bakin mutum. Amma matan da ke kwana da fargabar yadda maigida zai shigo suna nan a Makka da Jidda da Madina, cikin waɗanda suka zo daga gida da waɗanda aka haifa a nan.

Ƙasar da aka haramta giya, ina ruwanmu da wannan batu?

Gaskiya ne Sarki Abdul'aziz ya haramta giya a 1952, bayan wani ɗansa ya harbe wani jami'in jakadancin Birtaniya a Jidda a 1951. Shagon giyar da aka buɗe a unguwar jakadu ta Riyad a farkon 2024 ba don Musulmi aka buɗe shi ba. Sai dai haramci bai sa ta ɓace ba, ɓuya kawai ta yi. Akwai ta fasa-ƙwauri, akwai araƙ, wata giya mai ƙarfi da ake dafawa a ɓoye, akwai masu kwankwaɗar turaren kolonya. Irin wannan haɗin gida yakan zo da gubar metanol mai makantarwa, wani lokaci ta kashe. Wasu kuma suna gwama ta da ƙwayar Captagon.

Ɓuyar nan ita ce ta fi danne mace. Sirri biyu take riƙe da su, na shan da na dukan, kuma idan ta tona ɗaya ɗayan ma ya tonu. Tana tsoron a kama mijin, tana tsoron a ce ta tozarta uban 'ya'yanta, sai ta haɗiye.

Da gaske akwai alaƙa tsakanin sha da duka?

Akwai, kuma an daɗe da tabbatar da ita. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2018 ya nuna cewa kashi 27 cikin 100 na matan duniya 'yan shekara 15 zuwa 49 da suka taɓa zama da namiji sun fuskanci duka ko tilastawa a shimfiɗa daga gare shi. A wani bayani da hukumar ta fitar a 2006, kashi 55 cikin 100 na waɗanda abokin zama ya daka a Amurka sun ce a ganinsu ya sha giya kafin abin ya faru. A Ingila da Wales kashi 32 ne. Waɗannan alƙaluman na wasu ƙasashe ne, amma abin da giya ke yi wa ƙwaƙwalwa ba ya duba fasfo. Kuma bincike ya nuna idan maye ya shiga cikin duka, raunin yakan fi muni.

Me take yi wa mutum har ya ɗaga hannu?

Tana kashe kaifin ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke auna sakamako ya ce wa mutum ya dakata. Hankalin mai maye yakan taƙaita a kan abin da ke gaban idonsa kawai: ba ya tuna gobe, ba ya tuna yara na ji a bayan labule. Matarsa ta yi shiru, ya ce raini ne. Ta amsa waya, ya ce da wa take magana. Aya ta 91 cikin Suratul Ma'ida ta faɗi cewa Shaiɗan yana son ya jefa gaba da ƙiyayya tsakanin mutane ta hanyar giya da caca, kuma babu inda ƙiyayyar ke fara sauka kamar cikin ɗaki.

Akwai kuma hanyar da ba ta maye ba. Kuɗin haya da na cefane da na sabunta igama (takardar izinin zama) su tafi a kwalba, faɗa ya tashi da rana tsaka alhali babu wanda ya sha komai.

Ke nan giyar ce mai laifi, ba shi ba?

A'a, kuma a nan ne dangi suka fi yin kuskure idan sun zo sulhu. Mashaya da yawa ba su taɓa marin matansu ba, kuma akwai masu jibgar mata da ba su taɓa ɗanɗana giya ba, wasu ma a sahun gaba suke salla. Giya fetur ce da ake zubawa a wutar da ta riga ta kama. Wutar ita ce ganin cewa mace mallakarsa ce, da kishi marar kan gado, da son juya ta yadda ya ga dama.

A lura da wani abu. Mutumin da ya ce bai san abin da ya yi ba, yaya aka yi bai mari kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, ba, bai zagi ɗan sanda a hanya ba, sai da ya shiga gida ya rufe ƙofa? Ashe da sauran saninsa. Kuma wanda ya san halinsa idan ya sha, ya sake miƙa hannu ya ɗauki kofin, da hankalinsa ya ɗauka. Kukan da zai yi da safe yana rantsuwa ba zai ƙara ba bai goge wannan ba.

Shi ya sa nake ganin zalunci ne a zaunar da mace a ce mata, "Ki yi haƙuri 'yata, ba shi ba ne, sharrin abin ne, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." Haƙurin aure bai haɗa da karyewar haƙarƙari ba.

Maza kaɗai ne ke yi?

Akwai mazan da matansu ke duka, akwai kuma matan da baƙin cikin duka ya tura su shaye-shaye. Amma mummunan rauni da kisa sun fi faɗawa kan mata: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kisan mata da ya kai kashi 38 cikin 100 abokan zamansu ne ke aikatawa.

Idan ya daina sha, dukan zai tsaya?

Sau da yawa yakan ragu sosai. Binciken wani masani mai suna Timothy O'Farrell a Amurka ya gano cewa mazan da suka yi jinya suka kuma tsaya a kan barin sha, dukan da suke yi ya sauka ƙwarai. Amma zagi da barazana da kulle mace ba sa tafiya da kwalba, sai an tunkare su daban.

Wanda ya daɗe yana sha da yawa kada ya yanke dare ɗaya shi kaɗai, domin rawar jiki da farfaɗiya da gushewar hankali na iya biyo baya, har ta kai ga rasa rai. Aikin likita ne. Akwai cibiyoyin Irada na gwamnati masu jinyar shaye-shaye, waɗanda aka fi sani da asibitocin Amal, kuma layin Ma'aikatar Lafiya 937 ne. Ruƙya da addu'a suna da muhallinsu, a haɗa su da asibiti.

Me dokar ƙasar nan ta ce?

Tun 2013 Saudiyya take da dokar kariya daga cin zarafi. Hukuncinta na asali ɗaurin wata 1 zuwa shekara 1 ne, ko tarar riyal 5,000 zuwa 50,000, ko duka biyun, kuma idan laifin ya fi haka girma hukunci mafi tsanani ake bi. Ta wajabta wa wanda ya san ana cin zarafin wani ya kai rahoto, ta kuma hana bayyana sunan mai rahoton. Lambar kai ƙara ita ce 1919. Dokar iyali ta 2022 kuma ta ba mace damar neman alƙali ya raba auren saboda cutarwa.

Na san abin da ke hana da yawa daga cikin 'yan'uwanmu ɗaga waya: rashin igama da tsoron tarhil, wato kora daga ƙasar. Wasu mazan ma da wannan suke razana matan, suna riƙe musu fasfo. A nan nauyi ya hau kan dattawan unguwa da malamai da 'yan'uwa masu takarda, su zama mafaka, su raka ta asibiti, su tuntuɓi ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Jidda idan 'yar Najeriya ce. Mayar da ita ɗakin a daren da ta gudo ba sulhu ba ne.

A daren da ya shigo a buge, me mace za ta yi?

Ba lokacin muhawara ba ne, ko da ita ce mai gaskiya. Ta nisanci kicin da banɗaki, inda akwai wuƙa ko babu hanyar fita, ta kasance kusa da ƙofa da waya a hannu. Tun kafin ranar ta ajiye takardunta da na yara da ɗan kuɗi a wurin wadda ta amince da ita, ta kuma shirya da maƙwabciya wata alama, ko bugun bango ne ko kira a katse. Idan ta ji rauni ta je asibiti a rubuta, domin takardar likita hujja ce a kotu.

Alama ɗaya kada a raina ta: shaƙe wuya. Wani bincike a Amurka a 2008 ya nuna macen da abokin zamanta ya taɓa shaƙewa, haɗarin ya kashe ta ya ninka kusan sau 7. Idan abin ya kai nan, ko ya zare makami, ko ya ce zai kashe ta, ta kwashi yara ta fita a daren, ta kira 911 idan a yankin Makka take.