Me ake nufi da "gidaje masu sauƙin kuɗi"?

Duk lokacin da aka aza harsashin wata sabuwar unguwa, ko wani babba ya zo Damagaram da jawabi, sai ka ji an ce za a gina "gidaje masu sauƙin kuɗi". Wasu kan ce masu rahusa. Da yawanmu mun ɗauka gida mai arha kawai ake nufi, amma masana tsara birane ba haka suke auna shi ba. Su sai sun haɗa kuɗin gidan da aljihun wanda zai zauna ciki. Idan mutum ya biya haya ko ya rage bashin gini, abin da ya saura kuma ya ishe shi hatsi, cefane, magani da hidimar makarantar yara, to wannan gida ya yi masa sauƙi.

Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne kada gida ya ci fiye da kashi 30 cikin 100 na abin da iyali ke samu a wata. Daga Amurka ya fito: a 1969 dokarsu ta ƙayyade hayar gidajen gwamnati a kashi 25 na samun mai haya, a 1981 aka ɗaga zuwa 30. Mu gwada shi a nan. Mafi ƙarancin albashi a Nijar tun Janairun 2024 jika 42 ne (sefa 42,000), kashi 30 ɗinsa kuwa jika 12 da dala 120 (sefa 12,600). Mai mata da ƴaƴa biyar ya riƙe wannan ya shiga gari neman gida, ya dawo ya ba mu labari.

Wannan ma ga mai albashi ke nan. Ɗan kabu-kabu, mai tebur a Kasuwar Dole, da matar da ke tuyar ƙosai bakin hanya, samunsu na yini ne, yau da dama gobe babu. Ƙasar tana da kamfanin gine-gine na SONUCI, an kuma buɗe bankin gidaje, BHN, a ƙarshen 2018. Sai dai bashin gida a ko'ina yakan nemi takardar albashi da takardar fili ingantacciya, don haka ma'aikata ne suka fi cin moriyarsa. Ba laifi ba ne malamin makaranta ya samu gida, ai ya cancanta. Amma kada a kira abin da sunan talaka alhali talakan ko ƙofar bankin bai isa ba.

Akwai kuma kuɗin da ba a rubutawa a takardar ciniki, kuma a Damagaram shi ne babba. Garin a kan dutse yake zaune, ruwan da muke sha daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Macaya, da Arunguza, da Ganaram. Mutum ya samu fili da arha a sabon lotisma, wato filayen da aka yanka don gina gidaje, can bayan gari, ya yi murna, ya tare. Babu pampo, babu lantarki. Kullum safiya uwargida na tsaye bakin ƙofa tana jiran ɗan ga-ruwa, in bazara ta kama jarka ta yi tsada, wani lokaci da kuɗinka ma ba ka samu. Maigida zai hau kabu-kabu zuwa wurin nema, ya hau ya dawo, yara ma haka. In ka tara duka a ƙarshen wata, ɗakin haya a unguwar Zango da ke cikin gari ya fi masa sauƙi. Shi ya sa muradi na 11 cikin muradun ci gaba mai ɗorewa da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015 bai ambaci gida shi kaɗai ba, ya haɗa shi da ruwa, tsafta da hanyar sufuri.

Yawancin gidajen garin nan ba wani kamfani ya gina su ba. Mutum ne ke sayen fili, ya zagaye da katanga, ya tada ɗaki ɗaya, bayan shekara biyu ya ƙara wani, in adashi ya fito a sa ƙofar ƙarfe. Kakanninmu kuwa da tubali da azara da makuba suka gina tsohuwar unguwar Birni, ɗakunan da ko a zafin Afrilu za ka yi barcin rana ciki, abin da ɗakin siminti mai rufin kwano ba zai ba ka ba. Amma laka tana son yaɓe kafin kowace damina, tana son indararo mai kyau da magudanar da za ta janye ruwa daga gindin bango. Damanar 2024 ta nuna mana haka: gidaje sun zube, har tsohon masallacin Birni ya rushe a farkon Satumba. A watan Oktoba gwamnati ta rage farashin siminti. An ji daɗi, sai dai ni a ganina harsashin dutse da siminti, a ɗora bangon laka a kai, a kuma haƙa wa unguwa magudana, zai fi kai wa ga mai ƙaramin ƙarfi.

Saura maganar adalci. Idan aka yanka gonakin bakin gari aka yi lotisma, masu hannu da shuni kan saye filaye da yawa, su kafa katanga su bar su, suna jiran farashi ya tashi. Ka bi hanyar Tanut ko ta Mirya ka ga katangun da ba kowa ciki sai ciyawa da awaki, a Birni da Garin Malam kuwa iyali guda na cunkushe a ɗaki ɗaya.